Jirgin Ruwa Ba Shi da Birki

Ku ’yan kabu-kabun da kuke jera baburanku a ƙarƙashin darbejiyar tashar jirgi ta Yelwa kuna jiran fasinja, ina jin hirarku sarai. Shekaranjiya ɗayanku, wannan mai jar hular, ya ce wai mu direbobin jirgi cin banza muke yi. Babu rami a ruwa, babu kwana, babu akuya mai tsallaka titi, mutum ya zauna kawai ya riƙe hannun inji iska tana kaɗa shi. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro a lokacin. Amma tambaya ɗaya nake so ya amsa mini. Idan ka ɗauko albasa shaƙe da jirgi, ga mata ashirin zaune a kan buhuna, ka doso gaɓar nan, da me za ka tsaya? Ku zo ku duba jirgina daga hanci har baya, in kun ga birki ku cire, na ba ku.

Ni ma daga cikinku na fito, shi ya sa ba na jin haushinku sosai. Shekara huɗu na yi ina kabu-kabu tsakanin Yelwa da Birnin Yauri, tun baburan haya ba su cika garin nan ba. Ina da hannu, kowa ya shaida. Ina iya tahowa a guje in tsaya cak a gaban mai shayi ban taɓa bencinsa ba, jama’a suna dariya suna zagina. Da babur ɗin ya tsufa ya koma kwana wurin bakanike, kawuna ya kai ni gun Baba Nomau, mai wani babban jirgin katako da ke jigilar ’yan kasuwa daga gungunan tafki, wato tsibiransa, da ƙauyukan gefen Ngaski. Sunansa na noma ne, amma ban taɓa ganin fartanya a hannunsa ba. Gajere ne, ba ya son yawan magana, in yana tafiya a tudu kuma sai ka ce ƙasar ce take lilo da shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da kawuna, “Wanga na mai babur? Bar shi nan. Sai mun hidda mai birki daga hannu tukuna.”

Tun daga ranar sunana ya koma Mai Birki a bakin ruwa. Ban damu ba, don na san abin da ya kawo ni. Ina so in zauna a bayan jirgi in riƙe hannun inji a kira ni direba. A sana’armu ba takarda ake nunawa ba. Sai wanda aka sani ya ɗora ka a kan injinsa a gaban mutane ya ce kai direba ne, sannan wani mai jirgi zai yarda ya ba ka nasa. In ba haka ba, a hancin jirgi za ka ƙare, kana tokare gaɓa kana kwarfar ruwa har furfura ta fito maka. Akwai irinsu a tashar nan, kuna gaishe su kullum, ba sai na kira suna ba. Na ɗauka wata biyu zan yi a ba ni inji. Shekara ɗaya da rabi na yi ban taɓa shi ba, sai dai in goge shi.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Gwangwala, wato doguwar sandar da ake tura jirgi da tokare shi, sai filafili na tuƙi, igiya, yankakkiyar jarka ta kwarfar ruwa, da tsumma da kwalta na toshe ɓaraka. Gwangwalar ce ta fara karantar da ni. Ran nan mun dawo babu kaya, jirgi yana tafe da ɗan saurinsa, na kafa ta a gaɓa ya tsaya mini salin alin. Na ce a raina ashe abin ba wuya. Kashegari muka dawo da shinkafa shanshera, wato wadda ba a surfa ba, jirgi yana jan jiki a hankali, tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta wuce shi. Na kafa gwangwala da hannu ɗaya ina kallon ’yan matan da ke wanki. Ban san sa’ad da ta ɗaga ni ba. Sai ji na yi ina cikin ruwa, hulata ta kama gabanta, jirgi kuma ya ci gaba da abinsa har ya daki na kusa da shi. Baba ya jira na fito ina ɗigar ruwa, sannan ya ce, “Jiya jirgi kat tsaida. Yau jirgi da buhu sittin. Kowane buhu tahiya shika yi, kuma kowane sai an tsaishe shi.”

Daga nan na daina kallon masu wanki, na koma kallon hannun Baba. Tashinsa kaɗai abin kallo ne. Direbobin yanzu da inji ya kama sai su murɗe hannu har ƙarshe. Hancin jirgi ya ɗaga sama, bayansa ya nutse, farfela ta yi ta burga ruwa kamar mai kaɗa miya, mai yana ƙonewa, jirgi kuwa bai je ko’ina ba. Baba yakan ba shi wuta kaɗan ya jira. Jirgi mai kaya ba ya tashi sa’ad da ka ce ya tashi, sai ya ɗan yi gardama tukuna. In ya motsa, Baba ya ƙara masa kaɗan, ya sake jira. Kafin mu fita daga bakin tasha gudu ya taru, kuma ba wanda zai ce maka ga lokacin da aka ƙara. Masu murɗe hannun nan sukan riga mu fita, amma a tsakiyar tafki muke ishe su suna juye jarkar mai ta biyu.

Ba shi da agogon gudu irin na mota, kawunan fasinja yake kallo. Duk sa’ad da jirgi ya ƙara gudu farat ɗaya, jikin mutum bai shirya ba, sai ka ga kawuna sun koma baya. In aka rage farat ɗaya, jirgi ya ja da baya jiki kuwa ya ci gaba, sai ka ga kowa ya rusuna. Baba yana kiran wannan gaisuwa. In muka hango wani direba ya iso gaɓa fasinjansa duk sun duƙa, sai ya ce, “Dubi wancan, surukkai sunka zo gaishe shi.” A jirginsa na ga mace ta ɗora ƙwaryar nono a cinya tun daga gungu har Yelwa ba ta riƙe ta ba, tana tsifar kan ’yarta.

Tsayuwarsa ce dai har yau ban ga mai irinta ba. Ba shi da wuri ɗaya da yake fara rage wuta. In babu kaya, sai mun zo daidai dutsen da mata ke wanki. In albasa ce, tun daga nesa sosai. In iska tana bayanmu ko ruwa ya kawo yana gangara da ƙarfi, nan ma daban, wani lokaci har ya wuce tasha ya juyo ya fuskanci ruwan don ruwan ya taya shi tsayawa. Ku sani ruwa shi ne birkinmu, amma birki ne mai hali. In kana gudu sosai ka rage wuta, nan da nan yake cinye rabin gudun. Ɗan guntun da ya rage shi ne ba ya ƙarewa. Jirgi ya yi ta silalewa a hankali, kai kana ganin kamar ya tsaya, shi kuwa yana tafe da duk nauyinsa. Katakon da na ga ya fashe a tashar nan da ƙafafun da na ga sun karye, yawancinsu wannan ɗan guntun ne ya yi aikin. Na san wani cikinku zai ce ai akwai ribas. Akwai. Amma sa ribas jirgi mai kaya yana cikin gudu, ko inji ya yi tsalle ya fito daga ruwa, ko ƙarfen da ya riƙe farfela ya tsinke, ka zauna babu gaba babu baya.

Ranar da aka fara ba ni inji ranar kasuwa ce, cikin kakar albasa. Mun ɗauko matan wani gungu da kayansu, jirgi ya nutse har saura yatsa huɗu tsakanin ruwa da bakin katako. Shugabar matan ita ce Inna Kulu, wata doguwar dattijuwa mai murya kamar ta sanƙira. Duk jirgin da ta shiga nan sauran suke shiga, kuma su ne cin abincin Baba a kowace kasuwa. Muna tsakiyar ruwa Baba ya matsa gefe ya ce, “Mai Birki, zo riƙe.” Daɗi ya kama ni har ina jin kunnuwana suna zafi. Na riƙe, tafiya ta yi kyau, har na fara tunanin irin hular da zan saya.

Sai ga komar wani masunci a gabana, ’yan robobin da ke riƙe da ita suna yawo a saman ruwa, ban hange su ba sai da muka matso. Kaina bai yi shawara ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba a kan babur. Na rufe wuta gaba ɗaya. Hancin jirgi ya duƙa, matan nan duka suka gaishe ni. Ina shirin in ce alhamdu lillahi ban taɓa komar ba, sai na ji sanyi a ƙuguna. Igiyar ruwan da muke ja a bayanmu ce ta cim mana, ta hau bayan jirgi, ta zubo ciki a kan buhunan da ke ƙasa. Baba ya fizge hannun inji, ya ba shi wuta daidai yadda za mu tsere wa ta biyu, ya kewaye komar ta hagu kamar ba abin da ya faru. Buhunan da suka sha ruwa na Inna Kulu ne, kuma kun san abin da ruwa yake yi wa albasa a cikin buhu.

A tasha ta wanke ni tas a gaban masu dako da masu kifi. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama da ni ta juya kan Baba ta ce, “Nomau, ka ji da kunnenka. Duk ranar da wanga yaro yar riƙe injin ga, ni da matana ba mu shiga jirginka.” Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Sai da muka kwarfe ruwan muka gama ya ce, “Ruwan da kaka ja bayanka, shi ma tahiya shika yi. Kai kat tsaya, shi ba ka gaya mai ba.” Ya miƙo mini gwangwalata. Shekara biyu na sake yi da ita. Abokaina na kabu-kabu sun sha ce mini in dawo, har wani ya ce zai ba ni aron babur. Na ƙi, don taurin kai da kuma don na riga na ga hannun Baba, ina so nawa ya zama haka.

Sai muka shiga muguwar shekara. Ruwa ya janye irin janyewar da dattawa suka ce ba su saba gani ba. Tasha ta koma can ciki, sai an yi tafiya a laka kafin a kai jirgi. Kututturan itatuwan tsoffin garuruwan da tafki ya cinye suka fito, wasu a fili, wasu kuma suna kwance ƙarƙashin ruwa kaɗan suna jiran farfela. Kusan kullum sai an ji wani ya karya tasa. Direbobi da yawa suka ja jiragensu tudu suka tafi noman rani. Baba bai fasa ba, don a ɗaya daga cikin garuruwan nan aka haife shi, ya san itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Yakan nuna mini wani baƙin kututture ya ce tsamiyar kasuwarsu ce, kada in matsa kusa, akwai ƙanwarta a kwance gefen dama. Hanyar shiga Yelwa kuwa ta koma siririya, laka a gefe ɗaya kututture a ɗayan, jirgi biyu ba sa gittawa a cikinta.

Wata ranar kasuwa a cikin shekarar, da hantsi, mun ɗauko Inna Kulu da matanta, muka hango jirgi tsaye a tsakiyar ruwa ana ɗaga mana riga. Jirgin wani direba ne mai suna Sani Dogo, ya fi namu girma, ya ɗauko wani Bafillace mai suna Buba da shanunsa goma za su kasuwa. Ya hau kututture. Farfela ta karye, katako ɗaya ya tsage, ruwa yana shiga yana wasa da kofaton shanu. Wurin kuma tsohuwar hanyar kogi ce, mai zurfi, gwangwala ba ta taɓa ƙasa. Sani yana kwarfar ruwa, Buba yana riƙe da igiyar wani babban bijimi yana yi masa magana da Fillanci. Baba ya leƙa ya ga ɓarakar, ya ce in ba a danne ta da tsumma an zauna a kanta ba, jirgin ba zai kai Yelwa ba. Sani bai iya ba, kuma dole wani ya riƙe wa jirgin filafili don kada ya yi ta yawo a bayanmu. Baba ya kwashi tsumma da kwalta ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, ya waiwayo ya ce, “Mai Birki, koma baya.”

Inna Kulu ta miƙe tsaye a kan buhu. “Nomau, mi nac ce maka? Ba ka jiya ba?”

“Na jiya, Kulu,” in ji Baba. “Amma jiki guda gare ni. Ko in toshe jirgin Sani ko in riƙe inji. Zaɓi guda, ki gaya ma mai shanu.”

Ta dubi Buba, ta dubi ruwan da ke ƙafar shanun. Ta zauna ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, ta fara salati.

Muka ɗaure igiya mai tsawon kamar taku talatin, daga hancin jirgin Sani zuwa katakon da ke kusa da mazaunina. Kafin Baba ya duƙa kan ɓarakar ya ɗaga murya ya ce, “Kak ka dubi gaɓa. Dubi igiya. In cikinta yat taɓa ruwa, ka yi saurin ragewa, jirgin ga bisa kanka za shi hawa.” Na gane abin da yake nufi. In na yi sanyi, jirgin Sani ya cika kafin mu isa. In na yi gudu na kasa kashe gudun da kyau, jirgin da ya fi namu nauyi zai taho ya hau bayanmu, daidai inda nake zaune, mu kuma yatsa huɗu ne tsakaninmu da ruwa. In kuma na fizga ko sau ɗaya, shanu goma za su zube gefe ɗaya, jirgin ya kife.

Na ba shi wuta kaɗan ƙwarai. Igiyar tana kwance a ruwa, ta fara miƙewa, ta taso tana zubar da ruwa, ta yi tauri. Injin ya canza murya. Na ɗauki lokaci ina jin kamar an ɗaure mu a jikin dutse, sannan hancin jirgin Sani ya juyo ya biyo mu. Na dubi shanun. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Na ƙara kaɗan na jira, na sake ƙarawa na jira, yadda na fi shekara uku ina gani ana yi. Muka kama hanya. Sani yana kwarfa, Baba yana zaune a kan ɓarakar da filafili a hammata, ruwa ya jiƙa shi har ƙirji.

Tun rufin kwanon shagunan Yelwa yana ɗan ƙyalli can nesa na fara ragewa. Wata mata ta ce, “Mi af faru? Mai ya ƙare?” Buba ya ɗago hannu yana nuna mini ruwan da ya kai ƙaurin shanu, yana cewa in ƙara, in ƙara don Allah. Na ji tausayinsa har raina, amma na kau da kai. Na rage kamar faɗin farce. Igiyar ta saki ciki ta sauko, saura kaɗan ta taɓa ruwa. Na riƙe hannuna a wurin ban motsa ba, har ruwa ya ci nasa rabon daga gudun babban jirgin, igiyar ta sake miƙewa. Na sake rage faɗin farce. Haka muka yi ta yi, ban san sau nawa ba. Igiyar ruwan da ke bin bayanmu ita ma ina kallonta da wutsiyar ido, tana ƙanƙancewa a hankali har ta kwanta.

Muna shiga siririyar hanyar nan hannuna ya so ya ci amanata. Wani ƙaramin kwalekwale ya fito daga bayan kututture zai gitta. Na ji yatsuna sun ƙanƙame hannun inji za su rufe wuta, irin na ranar albasa. Na cije leɓe na bar su yadda suke, na buɗe baki na yi wa mai kwalekwalen tsawa. Ya ja da baya da filafilinsa, muka wuce har ina iya ganin kifin da ke cikin kwandonsa.

Wahalar ƙarshe ita ce wadda ban taɓa tunaninta ba. A wurin da Baba ya saba kashe inji ya bar jirgi ya silale, ni ba ni da wannan damar. Jirginmu ya fi sauƙi, zai riga tsayawa, na baya kuwa ɗan guntun gudunsa bai ƙare ba. Dole na bar inji yana ɗan numfashi, ina gudun jirgin da nake ja, a hankali, kada ya kamo ni, kada kuma in ƙara masa ko kaɗan. Gaɓa tana matsowa. Masu dako sun daina aiki sun tsaya suna kallo. Igiyar ta kwanta a ruwa, wannan karon na bar ta, don na ga ruwan da hancin jirgin Sani yake tsagawa ya daina kumfa. Na kashe inji. Hancinmu ya shiga laka ba ƙara. Na juya na zuba wa jirgin shanun ido yana tahowa, yana tahowa, igiyar tana naɗewa a tsakaninmu. Baba ya miƙe ya kafa gwangwalar Sani a laka ya kwanta a kanta. Ta lanƙwasa, ta riƙe. Jirgin ya tsaya. Na miƙa hannu na taɓa hancinsa, gwiwar hannuna ba ta ma gama miƙewa ba. Bijimin Buba ya sunkuyo ya shinshina hulata.

Aka sa katako shanu suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, Buba yana taɓa bayan kowace yana kiran sunanta. Matanmu ma suka tattare zannuwa suna shiga laka. Ni dai ina zaune a wurin inji. Inna Kulu tana nan yadda take, a rufe, ta ba ni baya, tana ta salati. Wata daga cikin matan ta dafa kafaɗarta.

“Inna, tashi, an iso.”

“An iso ina?”

“Yelwa mana.”

Ta yaye mayafin. Ta dubi laka, ta dubi masu dako, ta dubi shanun da ke tsaye a tudu suna kaɗa jela. “Yaushe anka tsaya?” ta ce. “Ni ban ji ba.” Ta waiwayo wurin inji, ta ishe ni zaune. Ta ɗaga kai ta nemi Baba a ɗaya jirgin, kamar tana so a ce mata ya tsallako ya karɓa tun a hanya. “Nomau, wa at tsai da shi?”

Baba yana tsaye cikin ruwa har ƙauri yana matse tsumma. Bai ko dube ni ba. Ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, ya ce, “Direbana yat tsai da shi, Kulu. Ran kasuwa mai zuwa ma shi za shi ɗauko ku.”

Ta daɗe tana kallona, fuskar nan a ɗaure kamar kullum. Sannan ta gyara ɗaurin zani, ta zura ƙafa ɗaya cikin laka.

“To, shi zo da wuri,” ta ce. “Ni ba ni jiran direba.”